Darasin Tukunyar Tururi

Shekarar da jami'armu ta yanke shawarar buɗe sabon digiri, ni aka naɗa sakataren kwamitin tsara manhaja, don kowa a tsangayar ya san ni Darmanto ba na iya cewa a'a. Digirin na injiniyancin tsari ne, wato karatun yadda ake haɗa inji da lantarki da kwamfuta da mutanen da ke juya su, su yi aiki tare kada wani ya halaka wani. Aikinmu mu rubuta abin da za a koya tun daga shekarar farko har ta ƙarshe, da wanda zai koyar da kowane darasi. Da aka ce mini aikin ba zai ɗauki lokaci ba na yi dariya a zuci, domin na san mutanena. Damina ta same mu a kai, ta wuce ta bar mu a kai.

Matsalar ɗaya ce tal. Ma'aikatar ilimi ta ƙayyade awannin karatun da digiri zai ɗauka, ba a ƙara ko ɗaya, mu kuwa kowane sashe ya kwaso darussansa kaf ya zube mana, kamar mai zuwa biki da 'ya'yansa duka. Muka yi ta ragewa, a haɗe wannan da wancan, a datse wutsiyar wani, har aka kai inda ba sauran abin datsewa. Darasi guda ya yi yawa. Dole ɗaya ya fita, kuma wanda ya fita sai bayan shekara biyar, in an zo sake duba manhaja, zai iya ƙwanƙwasa ƙofa.

Mutum biyu abin ya shafa. Ta farko Dokta Kinanti, autar kwamitin. Kafin ta zo mana aikinta binciken haɗurra ne, tana cikin waɗanda ake kira bayan an gama kwashe gawa a ce su gano abin da ya faru. Darasin da ta kawo na shekarar ƙarshe ne, ta sa masa suna Haɗa Sassa: ɗalibai su gina abu guda tare, kowa da ɓangarensa, sannan a yi ta ɗauke musu wuta ana zare musu waya har su ga inda abin ke karyewa. Saboda wannan darasin ta ajiye aikinta ta dawo koyarwa. Ta taɓa faɗa mini dalili a kantin abinci, shinkafarta na gabanta tana hucewa. Mas Manto take ce mini, wato Yaya Manto.

"Mas Manto, ka tuna unguwar masuntan nan da ruwa ya ci? Ni na yi binciken. Injin jan ruwan lafiyarsa ƙalau. Ƙofar madatsar ruwan ma ƙalau, an ƙera ta ne in wuta ta ɗauke ta rufe kanta don kada teku ya shigo. To wuta ta ɗauke ana tsaka da ruwan sama. Inji ya tsaya, ƙofa ta rufe, ruwa ya rasa hanyar fita. Injiniya uku, kowa ya yi aikinsa daidai, babu wanda ya taɓa tambayar ɗan'uwansa. Gidan farko da na shiga, uwa ce da 'ya'yanta a kan gado. Hawa suka yi don su tsira."

Ba ta ƙara kai loma ba, ni ma na ajiye cokali.

Na biyun Farfesa Wiryo. Shi ya koyar da ni, shi ya koyar da shugaban tsangaya Pak Gunadi (mu Pak muke ce wa namiji don girmamawa, mace kuma Bu), har Pak Teguh na sashen lantarki ya bi ta hannunsa. Kusan duk wanda ke zama a teburin nan ya taɓa riƙe masa jaka. Darasinsa na tukunyar tururi ne, manyan nan na masana'antun sukari, kuma tun ina saurayi yake koyar da shi. Yawancin masana'antun sun rufe, ciyawa ta cinye layin dogon da ake jan rake. Kowa ya san darasin nan ba shi da gurbi a sabon digiri, shi kansa ya sani. Amma babu mai bakin faɗa, kuma ban ga laifin kowa ba. Mutumin da ya zauna da ni a barandar asibiti ranar da mahaifina ya rasu, ba ni ne zan ɗaga hannu a kansa ba.

Mu dai ba a ɗakin taro muke yanke magana ba. Ɗakin taro wurin shan shayi ne da gyaɗa kai. Maganar gaskiya a gida ake yin ta, a bi ta gefe-gefe har babba ya hango ƙofar da zai fita da mutuncinsa. Don haka wata Lahadi da la'asar na sayi nonon ayaba na tafi gidansa. Na same shi a baranda yana zuba wa kurciyoyinsa tsaba. Muka yi hirar tsuntsaye, muka yi ta ciwon gwiwarsa, muka yi ta jikarsa da ta ƙi karatun likita. Manhaja ko sunanta ba mu ambata ba. Sai da na miƙe zan tafi ya ce:

"Manto, ranar zaman ƙarshe ka bar mini ɗan lokaci bayan kowa ya gama. Ina da 'yar magana."

Sannan ya leƙa ciki ya ce wa matarsa, "Bu, rigar yadin batik ɗin nan ruwan ƙasa, ta ɗaurin aure, a goge mini ita kafin Laraba."

Na fita zuciyata fes. Na gane. Zai miƙe a gaban yaransa da rigarsa ta alfarma ya janye darasin da bakinsa, ya ba matasa wuri, a tafa masa, wasu su share hawaye, Kinanti ta samu gurbinta. Sai dai irin wannan magana ba a yawo da ita. In ta fita kafin mai ita ya furta, ta tashi daga kyauta ta koma abin da aka shirya masa, kuma yana iya fasawa.

Washegari na tarar da Kinanti a ofishinta ta cika allo da akwatuna da kibiyoyi. Kowane akwati darasi ne, kowace kibiya tana nuna darasin da ke ciyar da wani. Ba sai an nuna mini akwatin da ke zaune shi kaɗai a lungu ba.

Na ce, "Dik Kinanti, ƙanwata, wannan zanen ki bar shi a nan. Ranar Laraba ki yi shiru har ƙarshen zama."

"Mas Manto, tun bara kuke ce mini in yi shiru. Shirun ne ya kawo mu zaman ƙarshe ba ni da gurbi."

"Wannan karon daban ne. Na je gida."

Ta ajiye alli ta juyo. "Ya ce zai janye?"

"Bai ce ba."

"To me ya ce?"

"Mun yi hirar kurciyoyi."

Ta kwashe da dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. "Kurciyoyi! Mas, ku kam sai Allah. In gida na cin wuta sai kun fara gaida mai gidan kun tambayi gwiwarsa."

"Ki dai ji maganata."

"Ba zan ambaci sunan kowa ba. Aikin da muke cewa za mu koya wa yara shi zan yi wa manhajar. In ba mu iya duba tsarinmu ba, me za mu koyar?"

Ba wai ba ta san al'ada ba. 'Yar birnin Solo ce, inda ake ji da ladabi, ta fi ni iya durƙusa wa babba. Amma shekarun da ta yi tana rubuta wa matattu rahoto sun cinye mata haƙuri, ta saba da cewa duk abin da ba a faɗa a sarari ba wani ne zai mutu a kansa. Na ƙara nanata mata, ta ce to. Na san irin wannan "to" ɗin, haushi ya kama ni, na fita.

Ranar Laraba aka jera wa kowa kwalin kayan maƙulashe da kofin shayi mai zaƙi. Farfesa Wiryo ya shigo da rigarsa ruwan ƙasa, an goge ta har tana ƙyalli, kowa ya miƙe. Pak Teguh ya ja masa kujera yana cewa, "Pak, yau wa za mu aurar? Ko amarya za a ƙara ba mu sani ba?" Tsohon ya yi dariya ya ce in ya ƙara aure Teguh ne zai biya kuɗin asibiti. Pak Gunadi ya buɗe taro da doguwar gaisuwarsa, ya gode wa Allah, ya gode wa magabata, ya gode wa masu shara. Aka yi ta bin darussa ɗaya bayan ɗaya ana gyaɗa kai. Ina ta satar kallon Kinanti, hannunta na kan kwamfutarta. Saura kaɗan a kai ƙarshe, Pak Gunadi ya ce, "Sai maganar darasin da ya yi mana yawa. Ban sani ba ko akwai mai shawara."

Wannan tambayar share fage ce, an yi ta ne don a yi ɗan shiru sannan babba ya gyara murya. Na ga Farfesa Wiryo ya ajiye kofinsa ya dafa tebur.

"Pak, a ba ni izini," in ji Kinanti.

Kafin in yi wani motsi ta kunna majigi. Zanen ya bayyana a bango, ya cika shi. Ta yi bayani cikin ladabi, muryarta ƙasa-ƙasa, tana neman afuwa a kowace gaɓa. Lissafi yana ciyar da wannan, wannan yana ciyar da wancan, duka suna gangarawa zuwa Haɗa Sassa. Sannan ta ce akwai darasi guda da babu kibiyar da ta shiga cikinsa, babu wadda ta fita, ita dai ta nuna abin da ta gani ne, shawara ta manya ce. Gaskiya ba ta ambaci sunan kowa ba. Ba ta buƙata, sunan darasin na nan a rubuce da manyan baƙaƙe, daidai saman kan mai shi.

Wani yana cikin ɓare ganyen ayaba daga dunƙulen shinkafarsa, ya tsaya da shi a hannu. Babu wanda ya kalli tsohon, babu wanda ya kalli bango, kowa ya zuba wa kwalinsa ido. Ni ji na yi kamar in nutse. An kwance wa malaminmu zani a gaban yaransa, kuma wadda ta yi hakan ba ta ma san ta yi ba.

Pak Gunadi ya yi gyaran murya. "Mun gode, Bu Kinanti. Pak Wiryo, an ce mini kana da 'yar magana."

Tsohon ya janye hannunsa daga kan tebur ya yi murmushi. "A'a, babu komai. Sai dai in yaba wa 'yarmu. Zane ya yi kyau, hannunta da tsabta."

Daga nan na san an gama. Pak Teguh ne ya ɗauki wuƙar, kuma da fara'a ya ɗauke ta. Ya ce bayanin Bu Kinanti ya buɗe masa ido, ashe haɗa sassa shi ne ruhin digirin gaba ɗaya, kuma abu mai girma haka zalunci ne a kulle shi a darasi guda. Kamata ya yi a watsa shi cikin dukkan darussa, kowane malami ya taɓo shi a nasa ajin. Kai ya fara gyaɗuwa daga wannan gefen tebur har wancan. Na ga fuskar Kinanti ta ɗan saki, ta ɗauka yabo ne, sannan na ga lokacin da ta fahimta.

"To wa zai koyar da shi, Pak?"

"Dukkanmu, Bu."

"Wa zai yi jarrabawarsa?"

"Zai shiga cikin kowace jarrabawa, in sha Allahu."

"Pak Gunadi, ina roƙo a kaɗa ƙuri'a."

Shugaban tsangaya ya yi mata murmushin da ake yi wa yaro mai zazzaɓi. "Bu, mu nan 'yan'uwa ne, ba ma ƙuri'a. Ai kin ga an daidaita." Ya juyo gare ni ya ce in rubuta cewa baki ya zo ɗaya. Na rubuta.

Bayan taro Kinanti ta tsaya a bakin matakala. Ban lallashe ta ba, don ni ma a cike nake. Na ce, "Jibi ki shirya, zan kai ki gidan Farfesa ki ba da haƙuri." Ta ce ita ba ta yi ƙarya ba. Na ce babu wanda ya ce ta yi ƙarya, ta shirya kawai.

Ya karɓe mu a baranda da tsohuwar singileti da zani. Ta durƙusa ta kama hannunsa ta kai goshinta, ta ce ya yafe mata in ta yi rashin ladabi. Ya dafa kanta ya ce ta tashi, babu abin yafewa. Matarsa ta kawo shayi da soyayyar ayaba, ta ajiye ba ta ce wa Kinanti uffan ba, ta koma ciki. Muka zauna. Can ya ce:

"Nduk, 'yata, kin ga rigar da na saka ran Laraba?"

"Na gani, Pak."

"Sau biyu kawai nake saka ta. In zan aurar da yarinya, ko in zan yi ban kwana."

Ta ɗago ta dube shi, ta dube ni. Na kawar da kai. Na ga hannunta ya saki kofin a hankali.

"Pak... janyewa za ka yi?"

Ya kurɓi shayi.

"To ai ba a aika wa ma'aikata ba tukuna! Pak, don Allah. Kalma ɗaya za ka faɗa wa Pak Gunadi. Ni zan tsaya a gaban kowa in ce na yi kuskure, in durƙusa in an so."

"Ran Laraba da safe abin nawa ne, ina iya bayarwa," in ji shi. "Yanzu ba nawa ba ne. In na sake shi yau, cewa za a yi yarinya ta haska tsoho a bango ta ƙwace. Ni kwana nawa ya rage mini, zan iya haɗiyewa. Amma su Teguh ba za su haɗiye ba. Za su ba ki darasin, sannan su hana ki ɗakin gwaji, su hana ki ɗalibai, su gaishe ki da fara'a kullum har ki tattara ki tafi da ƙafarki. Ni na rene su, na san su."

"Ni ban damu da kaina ba!" Muryarta ta tashi, abin da ba a yi a barandar nan. "Pak, yaran da za mu yaye su ne za su gina madatsun gobe. Ka san abin da na gani a unguwar nan? Ka san..."

"Na sani, Nduk. Na karanta rahotonki tun kafin ki zo mana, na sake karantawa da kika kawo darasin. Me kike tsammani ya sa na ce a goge rigar?"

Nan ta fashe da kuka, ta kife fuska a cinyarta. Shi kuma ya zauna yana kallon titi, idonsa ya yi ja. Na tausaya musu su biyun, kuma na ji haushinsu su biyun, da na kaina, da na duk wanda ya gyaɗa kai a ɗakin nan. Ga mutum biyu suna son abu guda, suna zaune kusa da juna, amma babu yadda za a yi ɗaya ya miƙa wa ɗaya.

Aka aika manhaja, ma'aikata ta sa hannu. Ana saura kaɗan a buɗe zangon farko jini ya hau wa Farfesa Wiryo yana alwala, ya faɗi, bai ƙara magana ba har ya cika. Babu wanda ya ce wa Kinanti komai a wurin jana'iza. Wurin da ta tsaya dai ya fi ko'ina fili.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an shafa, Pak Gunadi ya tara mu a gefen rumfa. Ya ce darasin tukunyar tururi amana ce marigayi ya bar mana, ba za a taɓa ko wasali a cikinsa ba, kuma Pak Teguh ya ɗauki nauyin duba tambayoyin jarrabawar da kansa don kada a kauce daga abin da malam ya bari. Saura wanda zai koyar. Aka duba, kowa kayansa sun yi masa yawa. Mutum ɗaya ce kawai a kwamitin ba ta da darasi a sabon digiri.

"Bu Kinanti," in ji Pak Gunadi, "muna ganin babu wanda ya dace da wannan girmamawar kamar ke."

Na ɗauka za ta ajiye aiki. Na ma so ta ajiye. Amma ta ce mini in ta tafi, ranar da za a sake duba manhaja babu wanda zai tuna an taɓa yin wani abu wai shi Haɗa Sassa. Don haka ta karɓi tsofaffin takardun marigayi daga hannun matarsa ta zauna tana koyon abin da za ta koyar.

Ranar da ta fara shiga ajin na bi ta barandar na ɗan tsaya a bakin taga. Ɗaliban farko na sabon digiri ne, sun cika benci da sababbin jakunkuna. Ta zana tukunyar a allo da bututunta, tana bayani da murya ɗaya ba hawa ba sauka. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Bu, afuwa. Mu da za mu yi aikin madatsun ruwa da tashoshin wuta, a ina wannan zai yi mana amfani?"

Kinanti ta daɗe tana kallon yarinyar, allin na hannunta. Na ga bakinta ya motsa kamar za ta faɗi wani abu. Sannan ta juya ta fuskanci allo.

"Ku rubuta," ta ce. "Zai fito a jarrabawa."